Yaya Ya Shiga Feloshif

Jibiya, Satumba 2021

Yayana, hasken idona,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan takardata ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Mu nan lafiya lau. Mahaifiyarka Gwaggo Salmatu tana nan da sauƙi, sai ƙafar nan da ke tasar mata in hadari ya haɗu. Baba, kawun naka, yana gaishe ka, wana Yaya Kalilu ma haka. Geron gonar Gangara ya yi kai, sai dai ba a zuwa duba shi sai an yi ayari, saboda mutanen daji.

Za ka yi mamakin ganin rubutun hannuna. An yanke mana sabis ɗin waya gaba ɗaya, wai don a toshe wa ɓarayin daji baki. Wayata ta koma tocila. Ummaru direba ya ce zai riƙa kai takarda Katsina wurin ƙanwarka Hasiya, ita ta ɗauki hotonta ta tura maka. In ka amsa sai ta buga a shago, ta ba shi ya kawo. Gari duk ana kuka da wannan yankewar, ni kuwa a ɓoye daɗi nake ji. Duk littattafan da na karanta, ban ga masoyan kirki da ba su rubuta wa juna wasiƙa ba. Ga shi Allah ya kawo namu rabon. Kada ka yi dariya.

Saƙonka na ƙarshe da ya shigo kafin a yanke shi ne ka tsaya gaban malamanka, sun yarda ka zama dakta. Na yi guɗa har Gwaggo ta fito da gudu ba ɗankwali, ta ɗauka maciji ne. Yanzu unguwa ba a kirana sai matar dakta. Tsofaffi sun fara kawo ƙorafi tun kafin ka sauka, wannan hawan jini, waccan jiri. Na ce musu kai daktan kwamfuta ne. Gwaggo ta ce, "To ita kwamfutar mi ke damunta da har aka yi shekara huɗu ana koyon maganinta?" Ka rubuto mini abin da zan gaya mata.

Na gyara ɗakinmu. Na canza labule, na sa an shafa sabon fenti ruwan ƙwai, na aika Maraɗi an kawo mini turaren wuta irin wanda ka yaba a damanar nan guda ɗaya da muka zauna tare. Na ajiye shi ban kunna ba. Ban taɓa ganin filin jirgi ba, amma na san yadda zai kasance: kai ne za ka fito ƙarshe, ni har na fara cire rai, sai in hango ka ka rame kaɗan, da jaka a kafaɗa. Ba zan yi gudu ba saboda mutane. Zan tsaya ne kawai in sunkuyar da kai. Na gwada tsayuwar a gaban madubi, Gwaggo ta kama ni, ta ce ko aljanu ne.

Baba ya riga ya gaya wa mutanen masallaci alkawarin da ka yi masa ranar tafiyarka, cewa ranar da ka gama, ranar za ka juyo gida ka koyar a Katsina. Ka gaya mini watan kawai, sauran shirin nawa ne.

Taka har abada,
Mufida

Finlan, Oktoba 2021

Ƙanwata Mufida,

Wa alaikumus salam. Hasiya ta turo mini takardarki, na karanta a cikin jirgin ƙasa ina murmushi ni kaɗai. Ina lafiya. Sanyi ya fara, rana tana gajarta kullum. Ki gaishe mini da Inna, ki ce ta riƙa ɗora ƙafar a kan matashi. Ki gaishe da Kalilu.

Ga amsar Inna. Ki ce mata ba kwamfuta ɗaya nake dubawa ba, garke ne. Bankuna da kamfanonin waya suna da kwamfutoci da yawa a garuruwa daban-daban, duk suna aiki ɗaya. Kowacce tana aika wa 'yan'uwanta ɗan saƙo a kai a kai, tana cewa ina nan, ina nan. In ɗaya ta yi shiru, sauran sai su jira ta zuwa wani lokaci da aka yanka musu. In lokacin ya wuce ba ta amsa ba, su ɗauka ta mutu, su ɗora wata a gurbinta. Wahalar ita ce sanin tsawon jiran. In ya yi gajere, a binne mai rai. In ya yi tsawo, aiki ya tsaya. A kan wannan na yi digirina.

Yanzu maganar da ta sa na jinkirta amsa. Mufida, na shiga wani feloshif a nan. Mutane da yawa sun nema, kaɗan aka ɗauka. Su za su ɗauki nauyina, sun ba ni ɗaki, sun karɓe ni hannu bibbiyu, yanzu na zama ɗaya daga cikinsu. Na daɗe ina tunani kafin in amince, na ga ita ce hanyar da ta dace da ni. Saboda haka maganar dawowa sai mun sake zama a kanta. Na san za ki ji ba daɗi, amma ke mai fahimta ce.

Don Allah kada ki gaya wa Kawu tukuna. Abu ne da ba zai so ba, gara ya ji daga bakina in sabis ya dawo.

Na haɗo miki da hoton ranar bikin da aka yi mana a nan. Hasiya ta buga miki shi mai launi. Ki lura da hular, dole ce, ba son raina ba ne.

Turaren ki kunna abinki, kada ya huce.

Naki,
Zunnuraini

Jibiya, Oktoba 2021

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Mu jikinmu lafiya. Ban iya ƙara komai a kan wannan ba.

Daga gidan Baba nake rubuto maka, ba daga ɗakinmu ba. Bari in gaya maka yadda aka yi, daki-daki, don ka san ta inda za ka ɓullo.

Da takardarka ta zo na shige ɗaki na rufe ƙofa. Na karanta maganar garken kwamfuta na yi dariya. Na zo kan feloshif na tsaya. A raina na ce wata lambar yabo ce, ko wani gida mai bene da ake ba wanda ya fi kowa. Ka ce kada in gaya wa Baba, ban gaya masa ba. Amma ba ka ce kada in tambayi ma'anar kalma ba. Da Yaya Kalilu ya biyo ta gidan bayan la'asar, yana zaune kan turmi yana ɓare gyaɗa, sai na ce, "Yaya, kai da ka yi bautar ƙasa a Kudu, mene ne feloshif?"

Ya tsaya da tauna. Ya ce, "Ke ina kika ji wannan kalma?"

Na ce, "Shi ya shiga."

"Wa?"

"Maigidana."

Gyaɗar ta zube ƙasa. Ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya maimaita. Gwaggo tana tankaɗe a gefe, ta ce, "Kai Kalilu, wa ya mutu?" Ya ce, "Gwaggo, da ma mutuwar ce."

Ya ce shekara guda ya yi a Inugu, ɗakinsa yana jikin na masu feloshif ɗin. Kowace Laraba da Lahadi sai sun taru da ganga da jita da tafi, in ka tambaye su ina za su, su ce feloshif. Ya ce taron coci ne, ba wani abu ba, kuma shi kansa sun sha gayyatarsa. Ya fizge takardar daga hannuna yana bin ta da yatsa. "Ga shi nan. Su ɗauki nauyinka, su ba ka ɗaki, su rungume ka. Haka suke farawa." Sai ya ce in kawo hoton. Yaya, ni fuskarka kawai na kalla a hoton nan, ban duba bayanka ba. Shi ya nuna mana doguwar hasumiya da gicciye a samanta, ga ka a ƙofar cikin baƙaƙen kaya da doguwar hula. Ya ce, "Wannan ai har sun naɗa shi."

Na ce ƙarya ne. Na ce mutumin da ya tashe ni sallar asuba kullum a damanar nan ba zai yi haka ba. Ya ce, "Mufida, wanga ba littafin soyayya ba ne." Ya naɗe takardar ya yi gidan Baba.

Baba bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya sa tabarau ya karanta a hankali. Ya tsaya a kan "na zama ɗaya daga cikinsu". Ya tsaya a kan "ita ce hanyar da ta dace da ni". Da ya zo inda ka ce kada a gaya masa, abu ne da ba zai so ba, sai ya cire tabarau ya ce, "Abin alheri ake ɓoye wa uba?" Gwaggo ta ce, "Yaya Abdulrazak, yaron nan a gabanka ya sauke Alƙur'ani." Ya ce, "Shi ya sa, Salmatu. Shi ya sa." Ban taɓa ganin hawaye a gemun Baba ba sai ranar.

Aka je wurin Liman. Allah ya saka masa, bai yi gaggawa ba. Ya ce ba a yanke wa mutum hukunci a bayan idonsa da kalma ɗaya ta Turanci. A rubuta a tambaye ka. In ka musanta, shi ke nan. In ka tabbatar, to aure ya warware, in fara idda, tsarki uku, sannan ba abin da ya rage tsakaninmu. Amma Baba ya ce kafin amsa ta zo ba zan kwana ƙarƙashin rufinka ba. Na fito da akwati ɗaya. Gwaggo ta riƙe mayafina har zaure.

Yaya, ban yarda ba. Wallahi ban yarda ba. Amma ka rubuto. Ba dogon bayani nake so ba. Ka rubuta kalmar shahada da hannunka, ka ɗauki hotonta, ka tura wa Hasiya. In feloshif yana da wata ma'ana ka faɗe ta da Hausa. In kuma abin da Yaya Kalilu ya ce ne, to ka faɗa mini ni, kada in ji a bakin kowa.

Matarka,
Mufida

Jibiya, Nuwamba 2021

Yaya,

Sallama. Ban sani ba ko kana lafiya, ina dai roƙa maka ita. Gwaggo ba ta da lafiya. Ba ta cin abinci sai kunu, shi ma sai na je na tsaya a kanta, kuma Baba ba ya barina in wuce magariba a can.

Yau na gano takardata ta baya ba ta ma bar Jibiya ba. An tare hanyar Katsina, an kwashe mutanen wata mota, Ummaru ya ajiye tasa ya ce ba zai sake fita ba sai ya ga yadda hali ya yi. Takardar tana cikin aljihun motar duk tsawon lokacin nan. Ni kuwa kullum ina cewa yau ta isa, yau ya karanta, yau yana rubuta amsa. Mutane suna cewa shirunka amsa ce. Ashe tambayar ma ba ta je ba. Ummaru ya ce gobe zai gwada, zan ba shi wannan ya haɗa.

Na gwada kiranka. A bakin iyaka, in ka wuce Magama, akwai wata 'yar tudu inda ake kama sabis ɗin Nijar, su rizo suke ce masa. Akwai mai ba da hayar waya da layin can. Maza ne cike, kowa ya ɗaga hannu sama kamar mai roƙon ruwa, wani yana ihu a kan buhunan wake, wani a kan ragon da bai iso ba. Na roƙi Yaya Kalilu har ya gaji ya kai ni. Na ba mai wayar lambarka da na haddace. Ta shiga, Yaya. Na ji tana ƙara a ƙasarku. Sai wata Baturiya ta yi magana da wani yare, ta yi shiru, aka yi ƙit. Mai wayar ya ce na'ura ce, ba mutum ba, haka take yi in ba a ɗauka ba. Yaya Kalilu ya ce, "Na'ura ina? Matar fasto ce ke ɗaukar masa waya." Maza suka yi dariya. Na sake gwadawa har rizon ya gudu.

A unguwa an daina ce mini matar dakta. Yanzu matar wancan ake cewa. Tsofaffin da suka yi layi da hawan jininsu, in na gaishe su sai su amsa suna kallon ƙasa. Wata ta zo yi wa Gwaggo jaje kamar an yi rasuwa, har da 'yar ƙwaryar gero.

Na kasa karanta littattafaina. A cikinsu, in an kai irin wannan wuri, saura 'yan shafuka wani zai shigo da gudu ya ce ku tsaya, ga gaskiya. Na san wurin, nakan taɓa kaurin shafukan da suka rage in ji hankalina ya kwanta. Nan ba abin da zan taɓa. Na leƙa zaure har wuyana ya ƙage.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne jiya na kama kaina ina lissafin tsarkina. Ban yi niyya ba. Na yi istigfari.

Ka amsa, don girman Allah.

Mufida

Finlan, Nuwamba 2021

Mufida,

La'ilaha illallah, Muhammadur Rasulullah. Ga shi da hannuna, kamar yadda kika nema. A kanta nake, a kanta nake fatan cikawa.

Ina lafiya. Takardunki biyu tare suka iso. Na fara dariya har na ƙware, da na kai inda Inna ta daina cin abinci dariyar ta tsaya. Ki kai mata wannan yau, ki karanta mata da bakinki.

Feloshif ɗin da Kalilu ya sani gaskiya ne, akwai shi, amma kalmar tana da wata ma'ana a jami'a. Aikin bincike ne da ake ba wanda bai daɗe da gama digirin dakta ba. Wata gidauniya ce ke biyan albashi da kayan aiki, kai kuma ka zauna ƙarƙashin wani farfesa ka ci gaba da bincikenka. Namu a kan garken kwamfutocin nan ne da na gaya miki. Ba ganga, ba jita. A rukuninmu akwai ɗan Pakistan da muke zuwa Juma'a tare. Ginin da ke hoton tsohon coci ne, a gabansa kowa yake ɗaukar hoto don shi ne mafi kyau a garin. Hular kuwa ta duk wanda ya zama dakta ce a ƙasar nan. Ranar da kika kira ina cikin taro, na ga baƙuwar lamba ta Nijar, na ɗauka masu damfara ne.

Abin da na ɓoye wa Kawu alkawarina ne da zan saɓa, ba addinina ba. Ya yi mini ciwo da ya yarda. Kalilu ban yi mamakinsa ba, tun muna yara in ya ga igiya sai ya ce kububuwa ce. Na ba abokan aikina labarin a wurin shan shayi, farfesarmu ta yi dariya har da hawaye, ta ce sai ta ba da shi a babban taro.

Yanzu ki fahimce ni. In na dawo yau, zan samu aji da allo, amma injinan da nake bincike da su babu su, wutar da za ta riƙe su ma babu. Cikin shekara biyu abin da na sani zai tsufa. A wannan fanni ba a ɗaukar mutum aikin dindindin da digiri kawai, sai ya yi irin wannan aikin ya fitar da rubuce-rubuce. Na ce miki sai mun sake zama, ga zaman: shekara uku ne. Na tambaya ko zan iya kawo ki. Kuɗin na mutum ɗaya ne, ɗakin ma haka, kuma hukumar shige da fice ba za ta ba ki izini a kan wannan albashin ba. Zuwa hutu ma sai na ga yadda takarduna suka tsaya, don in na fita kafin a sabunta su komawa zai yi wuya. Bayan shekara ukun, yawanci sai an ƙara wani a wata ƙasa kafin a samu kujerar dindindin. Ba na so in yi miki ƙarya, shi ya sa na faɗa. Amma in sha Allahu komai zai zo da sauƙi.

Ki koma ɗakinki. Ki ce wa Kawu ya yafe mini. Ke kuma na gode da kika tsaya mini. Na san ke mai haƙuri ce.

Mijinki, Musulmi,
Zunnuraini

Jibiya, Disamba 2021

Yaya Zunnuraini,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Gwaggo ta warke sarai, har ta yi ƙiba. Baba lafiya. Ya ce ya yafe.

A zauren Baba aka karanta takardarka, Liman yana nan, maƙwabta sun cika har waje. Da aka karanta shahada aka yi kabbara. Da aka zo kan igiya da kububuwa zaure ya kece da dariya. Yaya Kalilu ya ce shi dai abin da ya gani a Inugu ya faɗa, Liman ya ce, "To Fasto, mun ji." Sunan ya bi shi, har ɗalibansa a makaranta. Gwaggo ta yi waina ta raba sadaka. Sauran takardar, daga inda ka ce "yanzu ki fahimce ni", Baba ya karanta ne da sauri-sauri, mutane suna ta gaisawa suna neman takalmansu. Wani ya ce, "Ashe aiki ne ma ya samu, Allah ya sa albarka." Aka shafa fatiha. Da yamma mata suka rako ni ɗakina da guɗa kamar amarya. An koma ce mini matar dakta.

Ni ma na yi hamdala, Allah ya sani. Amma da suka watse na zauna a bakin gado, ga fenti ruwan ƙwai, ga labule, na sake karanta wurin da ba wanda ya saurara. Shekara uku. Bayan su wani a wata ƙasa. Na nemi wata a ciki, ko shekara, ko wani abu da zan sa a gaba in riƙa matsowa kusa da shi. Na samu in sha Allahu, na samu ke mai haƙuri ce.

Zan gaya maka abin da ban iya gaya wa kowa ba, Allah ya yafe mini. Lokacin da ake cewa ka bar addini, ina da abokan kuka. Baba ya yi, Gwaggo ta yi, gari ya taya ni. Liman ya buɗe littafi ya samo hukuncina, ya ce tsarki uku. Abu ne mai ɗaci, amma yana da baki, ana ganin ƙarshensa. Wannan da ka shiga na gaskiya, ba wanda ya ga abin kuka a ciki. Na je na tambayi Liman ko feloshif irin naka yana da idda. Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake. Na taya shi dariyar na taso.

Farfesarku ta yi dariya har da hawaye. Ka gaya mata mu ma mun yi hawayen.

Na yi ta tunanin garken nan naka. Ka ce kowacce tana cewa ina nan, ina nan, in ta yi shiru a jira ta zuwa lokacin da aka yanka. Mu nan mun gajarta jira, mun kusa binne ka da rai, ka yafe mana. Amma kai ka ce in jiran ya yi tsawo aiki tsayawa yake. Shekara huɗu ka yi kana koyon yadda ake yanka wa ƙarfe lokaci don kada ya jira har abada. Ni ba ka yanka mini ba. Kuma ban ga abin da littafinka ya ce a kan wadda ba ta yi shiru ba, kullum tana cewa ina nan, ina nan, amma ba ta nan.

Sabis ya dawo shekaranjiya. Gari ya rikice da ƙarar waya, har Gwaggo ta sa an kira mata Hasiya. Na ga kiranka, na ga ka sake kira. Ina zaune kusa da wayar, ban ɗauka ba. In na ji muryarka zan ce ba komai, Yaya, Allah ya kai mu, don haka na saba, kai ma ka san haka. Shi ya sa na koma ga takarda.

Wancan karon na roƙe ka kalma ɗaya da hannunka, ka rubuto, aka karanta a zaure, ta warware komai. Yanzu ma ɗaya nake roƙo. Ka rubuta wata da shekarar da za ka dawo, ko waɗanda za ka zo ka ɗauke ni, wanda za a iya karantawa a gaban Baba da Liman a riƙe ka a kansa. In ka duba ka ga babu shi, to ka san ɗaya kalmar da miji yake rubuta wa mace. Ita ma gajera ce. Ita aƙalla an san tsawon jiranta.

Littattafan na ba Ummaru ya kai wa Hasiya, ta raba wa masu so. Turaren na kunna, kamar yadda ka ce. Ya riga ya huce.

Mufida Abdulrazak